Tambaya kan rayuwar iyalan masu bishara a ƙauyukan Kaduna

Ɗalibar Tarihi, Barnawa: Ina gaishe ku, iyaye da yayye. Littattafai suna yawan ambaton Turawan mishan da makarantun da suka gina, amma ba su cika faɗin yadda iyalan masu bishara suke wuni a ƙauye ba. Wa ke noma, wa ke ɗebo ruwa, kuma a ina 'ya'yansu suke karatu?

Dattijo daga Kagoro: 'Yata, sai ki fara raba Bature da mai bishara ɗan ƙasa. Tun da gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin garuruwan sarakunan Musulmi, ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta fi mai da hankali ga kudancin Zazzau, ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, daga baya kuma Kagoro. Bature yana da kuku da mai wanki, 'ya'yansa kuma makarantar kwana ta Miango ake kai su. Shi kuwa ɗan ƙasa da aka tura wani ƙauye, gona mai unguwa yake ba shi, ya shuka dawa da acca kamar kowa, domin baikon ranar Lahadi ba ya ciyar da gida. Da asuba addu'a, da hantsi gona, da yamma kuma ya tara yara a gindin bishiya yana koya musu karatu da Hausa, ko da yake harshen garin Jaba ne ko Kataf.

Jikar Wusasa: Baba ya faɗi gaskiya, amma ya tsallake matan, alhali kuwa su ne suka ɗauki nauyin da ya fi yawa. Matar mai bishara ce take daka da surfe, ta je rafi, ta karɓi haihuwa idan babu ungozoma, ta wanke gyambon maƙwabta, sannan ta ciyar da yaran da iyayensu suka kawo karatu, waɗanda a ɗakinta suke kwana. Ta hanyarta ake shiga gidajen da namiji baƙo ba ya iya shiga. A wurinmu, tun da ƙungiyar mishan ta CMS (Church Missionary Society) ta koma Wusasa daga birnin Zariya a 1929, asibitin St Luke da makaranta ne suka riƙe garin, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin coci.

Malami daga Tudun Wada: Ni Musulmi ne, kuma ina ganin akwai ɓangaren da ba a son taɓawa, wato mutumin da ya karɓi addinin Kirista yana da mata biyu ko uku. A wancan zamanin yawancin coci-coci ba sa yi masa baftisma sai ya tsaya ga mace ɗaya, kuma wannan ya raba gidaje, ya bar wasu mata ba su da inda za su dosa. Ɗaliba, idan za ki tambayi tsofaffi, ki nemi 'ya'yan waɗannan matan su ma.

Ɗalibar Tarihi, Barnawa: Na gode, Malam. Baba, ko a Kagoro akwai sauran tsofaffin da za su yarda su yi magana a kan wannan?