Koren mai ne ya shaƙe Hilux a hawan Hada, ko kuwa?

Mai Kayan Gwari: Salamu alaikum jama'a. Hilux ɗina ce, samfurin 1994 mai injin 22R da kafireta. Jiya na tashi daga Makka zan hau Ɗa'ifa ta hanyar dutsen Hada ɗauko kayan lambu, bayanta wayam. Ana tsakiyar hawa sai ta yanke ƙarfi, ta kama fizga. Na dawo giya biyu, totur har ƙasa, ba ta ja. Da lallaɓawa na kai. Yau na sauko, amma ko a silo duk jikinta rawa yake. Alhaji ya ce man 91 da nake sha ne, wato koren fetur.

Alhajin Unguwa: Na faɗa kuma ina maimaitawa. Koren mai na yawon cikin gari ne. Tsohuwar mota a kan dutse sai ja, 95. Rowar 'yan halaloli, kwabban Riyal, ce ke kashe muku inji. Juye tankin ka cika da ja, ka zo ka ba ni labari.

Bakaniken Sana'iyya: Alhaji, Allah ya ƙara girma, a nan kam ban bi ku ba. Lambar 91 da 95 ba ƙarfin mai take nunawa ba, juriyarsa ce kada ya kama da kansa a cikin silinda kafin lokacinsa. Matsin silindar 22R bai wuce wajen 9 ba, kore ya ishe shi. In da mai ne ya yi masa ƙasa, ƙara zai ji kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ya taka. Ɗan'uwa, ka ji wannan ƙarar?

Mai Kayan Gwari: Ban ji ba, Oga. Fizga ce kawai, da ɗan tusa ta salansa.

Direban Hada: Ni duk ban ga laifin kowa ba sai dutsen. Makka ba ta wuce mita 300 daga teku ba, Hada kuwa ta kai wajen 2,000. Iska na yin sirara, inji na rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowace mita 300. Kafireta kuma ba ta da kwamfutar da za ta rage mata mai, sai ta yi ta ɗura wa inji fiye da iskar da yake samu.

Bakaniken Sana'iyya: Wannan gaskiya ne, amma a hankali yake zuwa, kuma da ka sauko sai ya tafi. Shi ga shi a Makka tana rawa. Af, Alhaji, can sama ma inda iska ta yi sauƙi, buƙatar jan mai raguwa take yi.

Alhajin Unguwa: Ku yaran yanzu sai lissafi. Ni da idona na ga motar da aka canja wa mai ta miƙe.

Autan Gareji: Baba, wataƙila waccan ruwa ne ko dauɗa a tankinta, juyewar ce ta yi magani. Ni zargina filtar mai ko fanfon mai. Hawa ne ke tona asirinsu.

Bakaniken Sana'iyya: Auta, ka kusa, amma ka lura. Filta in ta toshe, mota na zama lafiya a silo, sai an nemi ƙarfi take shaƙewa. Tasa ko a tsaye rawa take, alamar silinda ɗaya ta kwanta ke nan. Ɗan'uwa, kada ka sayi komai tukuna. Tayar da ita, ka sami filaya mai roba a hannu, ka zare wayar fulogi ɗaya-ɗaya kana mayarwa. Wadda ka zare inji ya ƙara lalacewa, lafiyarta lau. Wadda ka zare bai ko ji ba, ita ce. Kada ka kama da hannu, wutar kwayil ba ta da kara. Kuma ka kula wajen mayarwa, jerin wutarsa 1-3-4-2 ne.

Mai Kayan Gwari: Na yi. Ta uku ce, na zare ko gezau. Na kwance fulogin, baƙi ƙirin, jiƙe da fetur, sai wari yake. Wayar kuma ta tsage daidai wuyanta, da wani farin tabo kamar toka a wurin.

Bakaniken Sana'iyya: Nan wutar ke tserewa. Zafin hawan ne ya ƙarasa ta. Canja wayoyin duka da fulogai, gibinsu milimita 0.8, ka buɗe murfin distiributa ka duba ko ya tsage.

Alhajin Unguwa: To me ya baƙanta fulogin in ba man banza ba?

Autan Gareji: Baba, man da bai ƙone ba ne. Da ja ne ma haka zai jiƙe.

Direban Hada: Ni dai kada a yi saurin murna. Na taɓa canja waya da fulogi, ashe bawul ne ya ƙone.

Bakaniken Sana'iyya: Shi ya sa in ka canja ba ta daidaita ba, kawo ta a auna matsin silinda huɗun. In ta uku ta faɗi ƙasa sosai, sai mu ɗiga mata baƙin mai mu sake aunawa: ya tashi, ringi ne, bai tashi ba, bawul ko gaskit. Kafin nan kada ka hau Hada.

Alhajin Unguwa: Ku canja wayarku. Amma ranar gwajin a zuba ja.

Mai Kayan Gwari: Alhaji, rabin tanki na kore ne a ciki, sai ya ƙare. Oga, in an yi la'asar zan shigo da wayoyin.