Musayar Waƙa: Gidan Rokafela, Tsakanin Rami da Allura

Ɗan Tireda:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Yau na zo da attajirin man Amurka, John Rokafela, da zuri'arsa. Wanda ya ga na yi kure ya gyara mini da baiti.

Da sunan Rabbana nake farawa,
Zancen Rokafela zan zubawa.
Akawu ne tun yana ɗan 16,
Kwabo bai wuce shi ba rubutawa.
A 1870 ya kafa Standard Oil,
Garin Cleveland ake tacewa.
Kananzir nasa ya game ƙasashe,
Fitilar talaka ta bar mutuwa.
Cikin kashi 10 na man Amurka,
Kusan 9 shi ke tacewa.
Da ya tara bai dunƙule hannu ba,
Jami'ar Shikago shi ne mai kafawa.
A 1913 ya buɗe gidauniya,
Har yau alherinta na zagayawa.

Jikan Mai Kuza:
Yaya Ɗan Tireda, ka yi waƙa amma ka tsallake rami. Kakana kuza ya haƙa a Jos, da tari ya koma ga Allah. In ana zancen mahaƙa ba na iya shiru.

Yaya, ka yabi rumbu cike da gero,
Ba ka tambayi wanda ya nome shi ba.
Jiragen ƙasa sun yi mai rangwame a ɓoye,
Ƙananan 'yan mai ba su samu ba.
Ya ce ku sayar mini ko ku karye,
Da yawansu ba su kai baɗi ba.
Kotun ƙoli ta raba shi 34 a 1911,
Dukiyar ƙaruwa ta yi, ba ta ragu ba.
Zo mu je Kolorado, ramukan kwal,
Inda awo bai taɓa cika ba.
Da nauyin kwal ake biyan mai haƙa,
Mai sikeli bai ji tsoron Allah ba.
Gida na kamfani, kanti na kamfani,
Wani ladan takarda ce, ba kuɗi ba.
Satumbar 1913 suka shiga yaji,
Aka kore su, ba a dubi sanyi ba.
Suka kafa tantuna a filin Ludlow,
Ƙanƙara ba ta mai da su rami ba.
Ran 20 ga Afrilun 1914,
Rana ba ta faɗi lafiya ba.
Dakarun jiha suka buɗe wuta,
Aka ƙone tantunan, ba a tausaya ba.
Ƙarƙashin wani tanti an haƙa rami,
Iyaye sun ɓuya, ba su tsira ba.
Mata 2 da yara 11,
Hayaƙi bai bar su sun fito ba.
Babban kamfanin kwal ɗin na gidan ne,
Ɗan maigida na New York, bai leƙo ba.

Nas Daga Zango:
Ƙanena, wallahi ka sa ni hawaye. Ni aikin jinya nake a Kumasi, da hannuna nake yi wa jarirai 'yan wata 9 allurar shawara. Ku ji inda ta fito.

Ƙanena, ban musa ko baiti ɗaya ba,
Amma ji abin da ya iso gare mu.
Shawara ta addabi bakin teku,
Sauro na kawo ta har ɗakinmu.
A 1925 gidauniyar ta sauka Yaba,
Likitocinta suka zauna a yankinmu.
Stokes ya kamu, ya rasu a Legas,
Noguchi a Akara, cikin ƙasarmu.
Wani Asibi aka ɗebi jininsa a 1927,
Suna ne da ake ji a zangonmu.
Daga jinin nan Theiler ya yi rigakafi,
Shi ke shiga damtsen 'ya'yanmu.
Theiler ya karɓi Nobel a 1951,
Asibi fa, wa ya san shi a cikinmu?

Ɗan Tireda:
Allah ya saka, Hajiya. Ƙanena, na ji nauyin baitocinka, ramin nan ban san shi ba sai yau. Amma bari in ƙara kaɗan.

Filin Majalisar Ɗinkin Duniya,
Ɗan ne ya ba da kuɗin sayowa.
Dala miliyan 8 da rabi a 1946,
Can shugabanni suke taruwa.
Cibiyar noma ta Ibadan, 1967,
Su da Ford ne masu assasawa.
Jikan John, Nelson, ya yi gwamnan New York,
Har mataimakin shugaba ya zam hawa.

Jikan Mai Kuza:
Yaya, da ka ambaci Nelson ka buɗe mini wata ƙofar.

Bayan Ludlow sun ɗauko Ivy Lee,
Gyaran suna ne, ba gyaran awo ba.
A 1915 ɗan ya je Kolorado,
Ya sa kayan haƙa, ba don haƙa ba.
Ya yi rawa da matan mahaƙa,
Ƙungiyarsu ta ƙwadago bai amince ba.
Ya ƙago musu wata ta kamfani,
Akuyar ɗaure ba ta zaɓi turke ba.
A 1971, kurkukun Attica,
Aka ce gwamna ya zo, Nelson bai zo ba.
Rai 43 rikicin ya ci,
Uba bai leƙo ba, ɗa bai leƙo ba.
Annabi ya ce a biya mai aiki,
Tun guminsa bai bushe ba.
Hajiya, allurarki na yarda da ita,
Amma ba ta zama diyyar Ludlow ba.

Nas Daga Zango:
Ban ce ta zama ba, ƙanena. Ban da amsa sai wannan.

Gobe da safe ranar awo ce,
Iyaye za su jeru a barandarmu.
Kowace da goyo da kati a hannu,
Zan buɗe sanyi in ɗauko allurarmu.
Zan ƙirga 11 na farkon layi,
In shafa kansu kafin su bar mu.