Musayar Waƙa: Rigar a Jiƙe Take ko Sanyi Ne?

Ɗan Kusfa:
Salamu alaikum jama'a. Yau saura ƙiris mu yi cacar baki da uwargida a kan riga. Na kawo ƙara gabanku. Amsa-amonmu "wa" ne, wanda ya karya shi zai sayi shayi.

Asubar fari na fito, hunturu na kaɗawa,
Hazo ya rufe Kufena, ba a hangowa.
Na kai hannu igiya, na taɓa 'yar rigata,
Na ce da uwargida, "Wannan ba ta bushewa?"
Ta ce, "Malam, tun la'asar ta bushe ƙamas,
Sanyi ka ji, hannunka ke maka ruɗarwa."
To malamai, ga abin da ya tsaya mini a rai:
Mene ne jiƙa, kuma ta ina ake jiyowa?
Ido na ganin haske, kunne na jin sauti,
Wace gaɓa ce laima take shaidawa?

Kawu Mai Shayi:
Ɗana, tambayar ƙoshi ce ka kawo mana,
Ruwa ruwa ne, aikinsa ke nan jiƙawa.
Ka je Kubanni ka faɗa da rigar taka,
In ka fito ka ba mu labarin bushewa.

'Yar Gyallesu:
Kawu ka yi haƙuri, zancen da sauran magana,
Ni ma a wurin jinya na sha gamuwa.
Nakan sa safar roba in tsoma a ruwan sanyi,
In ji hannuna sharkaf kamar yana ɗigowa.
In cire safar in duba, ko ɗigo babu,
Hannu a bushe, ruwa ya kasa ratsawa.
To in ruwan ne da kansa fata take ji,
Wa ya jiƙa ni, alhali babu haɗuwa?

Malamin Samaru:
Madalla 'yar'uwa, kin taɓo inda ƙullin yake. Ku ba ni fili, zan ɗan ja.

Bismillahi, ku matso kusa in warware,
Fatar ɗan Adam ba ta da ma'aunin jiƙewa.
Tana da jijiyar sanyi, tana da ta zafi,
Tana da ta ciwo, tana da ta shafawa.
Amma ta laima an duba, ba a gan ta ba,
Kyankyaso ke da ita a ƙahonsa na lalubawa.
Ashe ƙwaron da muke bi da takalmi
Ya fi mu wannan ji, mu sai kintatawa.

Ƙwaƙwalwa alƙali ce, tana zaune a zaure,
Shaidu biyu ke zuwa gabanta suna rantsewa.
Na farko sanyi: ruwa ɓarawon ɗumi ne,
Ya fi iska ninki 20 wajen kwashewa.
Na biyu taɓi: nauyi da santsi da danƙo,
Yadda tufa ke lafe wa jiki yana zamewa.
In sun haɗa baki sai alƙali ta yanke:
"Jiƙa ce!" Tun muna goye muke koyowa.
Kai kuwa Ɗan Kusfa, shaidar zur aka yi ma,
Sanyi ya rantse, alƙali ta yi amincewa.

Wannan ba zai shiga waƙa ba, sunayen sun ƙi karɓar kari. A 1900 wani masani a Amurka, Bentley, ya sa wa mutane kube a yatsa ya tsoma a ruwa, da farko suka ƙi yarda cewa yatsan bai jiƙe ba. Safarki ke nan, 'yar'uwa. A 2014 kuma Davide Filingeri da abokan aikinsa a Jami'ar Loughborough ta Ingila suka ɗora wa mutane laima daidai wa daida, wata da sanyi wata da ɗumi. Mai sanyin aka fi jin ta a jiƙe. Kuma fatar damtse mai gashi ta fi kan yatsa saurin ji.

Inna ta Ƙofar Doka:
Malam na ji, amma rabi ka biya mu,
Ni tsohuwa ce, ba na saurin gamsuwa.
Ka ce jiƙa a kai take, to ganyen gwaza fa?
A fadamar Galma na sha tsayawa dubawa.
Ruwa ya sauka a kansa ya dunƙule kamar tsakiya,
Ya gangara ƙasa, ganye bai san an yi zubawa. 
Agwagwa ta wuni a kududdufi tana iyo,
Ta fito ta girgije, ba ta neman shanyawa.
Gwaza ba shi da kai balle alƙali,
Wa ya hana ruwa a jikinsa kamawa?

'Yar Gyallesu:
Inna ta kama Malam! Mu ma in mun shafa man kaɗanya da hunturu haka ruwa ke tsayawa ɗigo-ɗigo a hannu.

Malamin Samaru:
Inna, na durƙusa, gaskiyarki ce tsantsa,
Jin jiƙa daban yake da ainihin jiƙewa.
Ƙwayoyin ruwa suna riƙe da hannun juna,
Kamar yara a kasuwar Sabon Gari, gudun ɓacewa.
In sun sauka a auduga ko yumɓun randa,
Sai baƙon ya fi ɗan'uwa ƙarfin jawowa.
Su baje a kai, su bi zare su shige ciki,
Jiƙa ke nan: shimfiɗuwa da mannewa.
Gwaza kuwa kaki gare shi a fuskar ganye,
Agwagwa mai take ɗebowa a gindin wutsiya tana gogawa.
Ruwa ya zo ya rasa inda zai kama,
Sai ya koma ga dangi, su yi dunƙulewa.
Zaiba ma ruwa-ruwa ce, ba ta jiƙa gilashi,
Amma guba ce, kada yaro ya je gwadawa.

Baiti na biyar ya yi tsawo, na sani. Agwagwar ce ta ƙi shiga layi.

Inna ta Ƙofar Doka:
Yanzu ka biya. Kai kuma ɗan nan, ba sai an je jami'a ba:

Damƙe gefen rigar a tafin hannunka,
Ka ɗan jira ta ɗau ɗumi, sannan ka yi shafawa.
In busasshiya ce laimar za ta gudu da sanyin,
In jiƙaƙƙiya ce za ka ji tana maƙalewa.

Kawu Mai Shayi:
To ni dai yanzu na gane abu guda ɗaya,
Dalilin da alwalar asuba ke da girgizawa.
Gobe in ladan ya kira, ba ruwana da alƙali,
Ruwan ɗumi zan sirka in cika buta.

'Yar Gyallesu:
Buta! Kawu ya karya! Jama'a ku shaida.

Kawu Mai Shayi:
Kai, yaran nan ba ku da tausayi. Ku zo bayan isha'i, amma ban da ƙwai, kuma madara rabin gwangwani.

Ɗan Kusfa:
Inna na gwada, na damƙe na ƙirga goma,
Riga a bushe, ba ta da alamar jiƙewa.
Uwargida na ƙofar ɗaki tana kallona,
Ba ta ce uffan ba, sai dai murmusawa.
Na ce, "Kin yi gaskiya, shaida ne ya cuce ni,"
Ta ce, "Gobe kai ne da wanki, kai ne da shanyawa."

Kawu, nawa kofin a sa sukari da yawa.