Neman sawun kakan mahaifina a takardun zamanin Turawa

Ɗan Kaita:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin takardu. Mu mutanen ƙasar Kaita ne a Katsina. A gidanmu ana cewa kakan mahaifina ya taso daga wajen Tasawa, a ƙasar Nijar ta yau, a shekarar yunwar Kakalaba, shi da matarsa da ɗa guda a goye, dagaci ya yanka masa daji ya sare. Gonar tana hannunmu har yau, tsamiyar da ke kusurwar gabas ita ce iyaka. Gwaggona kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan shi da ido, ita ma ƙarfi ya fara tafiya. Ina so in sami wani abu a rubuce in bar wa 'ya'yana. Shin akwai takardar gona ta wancan lokaci? Ina ake ajiye su?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka riga ka riƙe bakin zare, domin Kakalaba ta faɗo ne a 1913 zuwa 1914, zamanin Sarkin Katsina Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

Amma ka cire rai da samun takardar mallaka da sunansa. Dokar ƙasa ta 1910 ta sanya filayen Arewa duka a hannun Gwamna, satifiket kuwa kamfanoni da baƙi ake ba. Talaka gonarsa ta gado ce, ko saye, ko aro, ko jingina, ko saran daji, shaidarsa kuma dagaci da maƙwabtan gona. Wurin da sunan talaka ke shiga takarda biyu ne: haraji da shari'a. Can za ka bi.

Ka je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. An jera fayiloli lardi-lardi, kuma a nan mutanenmu ke ɓata. Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934. Kafin 1926 tana cikin Lardin Kano, daga nan aka mayar da ita Lardin Zariya. Ke nan shekarun da kake nema, a jerin Kano za ka fara dubawa, da jerin ofishin Sakataren Lardunan Arewa, kafin ka zo na Katsina. Ka nemi rahoton kimanta haraji na gundumarku da kuma littafin gunduma, wanda Di'o ke rubuta tarihin garuruwa da jerin hakimai da dagatai a ciki. Ko ba ka ga kakanka ba, idan ka gano dagacin da ke kan mulki a 1914, da ƙabilun da aka ce sun zauna a ƙauyen, da inda suka fito, ka taka ƙasa mai ƙarfi. Daga can ka leƙa Arewa House, cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, ba nisa.

Ka kuma saki ido wajen rubutun suna. Bature yakan rubuta Katsena, Muhammadu ya zama Momadu ko Mamadu, ƙauye ɗaya ya fito da rubutu iri uku. Wani ƙauyen ma a lokacin yana ƙarƙashin wani hakimi dabam.

Uwar Marayu:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ina roƙonka, ƙanena, kafin ka hau motar Kaduna ka zauna da gwaggo. Takarda za ta jira ka, tsohuwa ba ta jira. Ka ɗauki muryarta a waya. Kada ka ce mata "wace shekara", ka ce "wane ne dagaci lokacin", "wa ke noma gonar yamma da tamu", "wa ya yi wa wane aure". Ka tambayi laƙabinsa, domin sunan yanka ba shi mutane ke kira ba, malamin haraji kuma abin da ya ji ana kira shi yake rubutawa. Ka tambayi sana'arsa da zanen fuskarsa.

Matarsa fa? Jerin haraji magidanta yake bi, mata sai ƙidaya. Inda na ga sunayen mata da idona shi ne littafin alƙali, wajen rabon gado: wance 'yar wane, tumuninta kaza, wane ya karɓi gona, wane ya karɓi jaki. Da Larabci ake rubuta su, da shekarar Hijira, saboda haka ka tafi da malamin da ya saba da rubutun warash. 1331 ita ce ta yi daidai da 1913. Ka fara tambaya a gidan dagaci da gidan limamin garinku, sau da yawa akwai gafaka ko akwatin ƙarfe da ba wanda ya buɗe tun rasuwar mai shi.

Ba'are na Maraɗi:
Ɗan uwa, rabin labarinka yana wajenmu. Mutane da yawa sun ƙetara iyaka a wancan zamani, wasu yunwa, wasu lanho, wato haraji, da aikin dole da ɗiban soja na Faransawa. Kumandan, wato Baturen mulki na Faransa, yakan fita rangadi ya ƙirga mutane gari-gari, ya kuma rubuta garuruwan da suka watse da inda mutanensu suka nufa. Irin waɗannan rahotanni suna gidan adana takardu na Yamai, wasu a Dakar, duka da Faransanci. Amma "wajen Tasawa" ƙasa ce mai faɗi. Sai ka samo sunan garin kansa, ko na sarkin da suke bi.

Ɗan Kaita:
Allah ya saka muku da alheri. Daren jiya na zauna da gwaggo kamar yadda Uwar Marayu ta ce. Ta ba ni laƙabinsa, ta ce majemi ne kafin ya kama noma, ta kuma tuna wata waƙar daka da kakarta ke yi mai ambaton sunan wani gari da rijiyarsa. Ɗan uwa na Maraɗi, zan turo maka sunan garin ta saƙo ka duba mini ko yana nan har yanzu. Malam, wasiƙar gabatarwa ake zuwa da ita Kaduna, ko katin shaida ya isa?