Wace hanya ce ta fi wajen ɗora sabon kod ba tare da manhaja ta ɗauke ba?

Ɗan_Agege:
Salam 'yan uwa. Muna da manhajar biyan kuɗi da 'yan kasuwar Mile 12 da ke Legas suke amfani da ita, ranar Juma'a da la'asar na ɗora sabon kod sai komai ya tsaya cak kusan minti 40, wani mai tumatir ya kira ni muryarsa na rawa wai an cire wa kwastoma kuɗi amma shi bai ga alat ba, wallahi har yanzu abin na cina. Saba uku gare mu, wato kwamfutocin da manhajar ke aiki a kansu, muna hayarsu a AWS na kamfanin Amazon. Shuɗi-da-kore zan koma ko kanari ko bi-da-bi?

Injiniya_Yaba:
Wa alaikas salam. Shuɗi-da-kore ta fi kwantar da hankali, ka tada sabbin sabobi a gefe ka gwada su, in lafiya lau sai ka karkatar da jama'a can, in ta ɓaci ka dawo da su nan take. Sai dai fa dala kake biya, uku sun zama shida har sai ka kashe tsoffin.

Maman_Hanifa:
Ƙanena tsaya tukuna, ka taɓa databes, wato ma'ajiyar bayanan manhajar, a wannan ɗorin?

Ɗan_Agege:
Eh Anti, na canja sunan kolum ɗaya, wato gurbi ɗaya a teburin bayanan.

Maman_Hanifa:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Duk hanyoyin nan uku akwai lokacin da tsohon kod da sabo suke aiki tare a kan databes ɗaya, kana canja suna tsohon zai nemi kolum ɗinsa ya rasa, kuma ko ka koma baya ba za ka tsira ba tunda databes ɗin ya riga ya canja. Ƙara sabon kolum za ka yi ka bar tsohon, kod ya riƙa rubutawa a duka biyun, ka kwashe tsoffin bayanai a hankali, sai bayan sati ɗaya ko biyu ka goge tsohon. Yana cin lokaci amma kuɗin mutane ne fa.

Bash_Obalende:
Maganar Anti ita ce. Da saba uku bi-da-bi ta ishe ka, ɗaya bayan ɗaya, kuma kar a tura wa sabuwa kowa sai ta amsa gwajin lafiya. In Kubernetes ne, wato tsarin da ke kula da gudanar da manhaja a kan sabobi, dama haka yake yi, in ba ka canja saitinsa ba kashi 25 kawai yake yarda ya sauka lokaci guda. Kanari kuwa, wato a fara da kashi 5 na jama'a, sai kana da allon da ke nuna kurakurai kana kallo. Kuma don Allah ka daina ɗori ran Juma'a da ƙarshen wata, Talata bayan Asuba kafin motocin kaya su fara saukewa ya fi.