Na rasa na fari a wata takwas, ga wani cikin ya shiga

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a sakaya sunana. Bara ina da cikin fari wata takwas, ƙafafuna suka kumbura har silifas ba ya shiga, zobena ma da sabulu na zare shi. Kai kuwa kamar ana sara. Kowa ya ce ai haka cikin fari yake. Wata Laraba na daina jin motsi, uwar mijina ta ce barci yake. Sai Juma'a muka je asibiti, aka ce ya koma. Namiji ne, da gashinsa. Ba zan ɓoye ba, sau biyu kacal na je awo. Yanzu ina da na wata uku, dangi har sun fara zancen wabi. Me ke kashe ɗa a ciki? Me zan yi?

Maman Ilham: Allah Ya sa mai ceto ne, ƙanwata. Ki toshe kunne da zancen wabi.

Anti Nas: Ni ungozoma ce a asibiti. Ban duba ki ba, amma kumburin hannu da ciwon kai mai tsanani sun yi kama da hawan jinin masu ciki. Jini ba ya isa mabiyiya yadda ya kamata, ɗa ya rasa abinci da iska, wani lokacin ta ɓalle tun kafin haihuwa. In ya yi tsanani shi ke kai uwa ga jijjiga. Gobe ki je awo, ki faɗa musu labarin nan kaf, su auna jini da fitsari. Daga 140/90 zuwa sama ba wasa. Mai tarihi irin naki likita kan ɗora ta kan ƙaramin asfirin daga sati 12, amma kar ki saya da kanki a kemis. Ki karɓi Fansidar a awo, zazzaɓin cizon sauro ma yana kashe ɗa a ciki, haka tunjere da ciwon suga. Kuma motsi in ya ragu, ranar ake tafiya, ko da tsakar dare ne.

Ummu Sadik: Ki tambayi rukunin jininki. Nawa na biyu kwana huɗu ya yi, idonsa ya yi ɗorawa shar, muna ta shanya shi a hantsi ana cewa shawara ce za ta wuce. Ashe jinina nagetif ne, akwai allurar da ya kamata a yi min cikin awa 72 bayan haihuwar farko. Ba wanda ya gaya min.

Hajiya Babba: 'Yata, addu'a ki riƙe, awo ma ki riƙe. Mijinki ya ajiye kuɗin mota da lambar mai adaidaita tun yanzu, kar a tsaya neman izini naƙuda tana ci.

Mai tambaya: Na gode. Anti Nas, katin awon bara yana nan, in tafi da shi?

Anti Nas: Ki tafi da shi, har takardar sallama.