Mai shirin zuwa Plock, daga ina za ta fara?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar ba ni da lacca, ina so in ɗan fita daga Warsaw. An ce min in je Plock, amma ni matatar man Orlen kawai na sani a garin. Akwai abin kallo kuwa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai matatar baƙuwa ce, a shekarun 1960 aka gina ta. Tun daga 1079 har 1138 a Plock masu mulkin Poland suke zaune. Ki fara da Tudun Tumskie inda babbar majami'ar take, a nan aka binne biyu daga cikin masu mulkin, Wladyslaw Herman da ɗansa Boleslaw. Ki tsaya ki duba ƙofar tagullar majami'ar da kyau. Kwaikwayo ce, ta asalin tana Novgorod a Rasha.

Hadiza: Ni abin da ya fi kwanta min shi ne tsayuwa a bakin tudun nan, kogin Vistula na shimfiɗe can ƙasa. Ki sauka ki hau dandamalin yawo da aka yi a kan ruwa, molo suke ce masa. Ki tafi da rigar sanyi, iskar kogin ba ta wasa.

Bashir: Anti Hadiza ta gama magana. Sai dai kada ki wuce gidan tarihi na Mazowieckie, tushensa tun 1821. Kujeru, fitilu da kayan adon ɗaki na wajen 1900 da ke ciki, wallahi sai kin rasa wanda za ki kalla. Akwai kuma makarantar Malachowianka da aka kafa a 1180, har yau ana karatu a cikinta.

Zainab: Tun 1180! To Malam, matatar fa, ana shiga?

Malam Sani: Ba wurin yawo ba ne, kuma kada ki tunkare ta da kyamara. An gina ta a nan ne saboda bututun Druzhba da a lokacin yake kawo ɗanyen mai daga Rasha, ita ce ta jawo ma'aikata garin ya bunƙasa. Hedikwatar Orlen ma tana can.

Hadiza: Ki hau bas da sassafe, tafiyar kamar awa biyu ce. Ki duba lokacin na dawowa tun kafin ki tashi.

Zainab: Na gode Malam, na gode Anti da Yaya Bashir, Allah ya bar zumunci. Bari in nemi tikiti tun yau.